Kujera 189 ko 162? Muhawara kan sake tsara cikin Boeing 737-800 don hanyoyinmu

Alhaji na Wuse: Assalamu alaikum jama'a. Ga tambaya ga masu sani. A ce an sayo Boeing 737-800 na hannu daga wani kamfanin araha na Turai, ya zo da kujeru 189, duk aji ɗaya. Aikinsa Abuja zuwa Legas da Kano, lokacin Umara kuma ya leƙa Jidda. A bar cikinsa yadda ya zo, ko a farke a sake? Ni dai a lissafina kowace kujera tikiti ce, ban ga dalilin cire ko guda ba.

Injiniya na Lugbe: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Mu fara da abin da ba a ciniki a kansa. Adadin 189 ɗin nan ba kamfanin da ya sayar ne ya zaɓa ba, shi ne iyakar da aka yarje wa 737-800, kuma ƙofofi ne suka yanke shi: manya huɗu, ƙanana huɗu a kan fukafukai. Ƙa'idar ita ce kowa ya fice cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin ba sa aiki. Saboda haka sama babu hanya, sai dai a sauko. Shi ya sa da ake son wuce wannan adadi a MAX 8, sabon samfurin 737, sai da aka huda wa jirgin ƙarin ƙofofi biyu.

Tsarin aji biyu da Boeing ya saba nunawa shi ne 162: kujeru 12 na manya a gaba, biyu dama biyu hagu, sai 150 a baya. Bambancin kujeru 27 ke nan. Kuma kada a zaci za a rage ma'aikata. Doka ta ce ma'aikacin cikin jirgi ɗaya ga kowace kujera 50, ko akwai mutum a kanta ko babu. Da 162 da 189 duk mutum huɗu suke ci. Sai an sauko 150 ake komawa uku, abin da JetBlue ta Amurka ta taɓa yi ke nan a jiragenta na Airbus A320, ta cire kujeru shida daga 156.

Alhaji na Wuse: To ka ga ni. Na yi asarar tikiti 27, albashi kuma yana nan.

Hajiya mai horar da ma'aikata: Alhaji, tikiti 27 ɗin sai jirgin ya cika suke zama asara. Jirgin da ya tashi da mutum 140 ranar Talata da rana, kujerun da ke wofi nauyi ne kawai da ake ƙona wa mai. Jirgin ƙarfe bakwai na safe daga Abuja zuwa Legas kuwa, akwai masu biyan ninki biyu ko fiye don su zauna a gaba su riga kowa sauka. Wannan kasuwar ba a raina ta a garin nan.

Ɗalibi daga Zariya: Don Allah a yi mini bayani, idan ana son ƙara wa mutane wurin miƙe ƙafa, ba kwance kujerun kawai ake yi a ja su baya ba? Na ga a kan dogon ƙarfe na daɓe suke.

Injiniya na Lugbe: Ƙanena, a kan dogo suke, kuma ramukan dogon inci ɗaya ne tsakaninsu, don haka da inci ake maganar tazara tsakanin layi da layi. Amma jan kujerar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ka ɗaga kai ka dubi abin da ke saman kowane layi: fitilar karatu, bututun iska, alamar ɗaura bel, da akwatin takunkuman oksijin. Duk wannan sai ya bi kujerar, a cike giɓin da ya rage da ƙananan alluna. Idan aka ja kujera aka bar akwatin, ranar da takunkumi zai faɗo sai ya sauka inda hannun mai ɗaure da bel ba ya kaiwa. Suna faɗowa da kansu in matsin iskar ciki ya kai na tsawon ƙafa 14,000, kuma ba lokacin miƙewa a nemo ba ne. Sannan doka na son takunkuman su fi kujeru yawa da aƙalla kashi 10 cikin 100. A 737 galibi huɗu ne a kan kujeru uku, na huɗun na jaririn da ke cinya ne. Saboda haka ba a haɗa masu goyo biyu a jeri ɗaya, ko da kishiyoyi ne da suka ce ba sa rabuwa.

Bayan haka akwai fitilun daɓe masu nuna hanyar fita, da lambobin layi, da wayoyin caji in akwai, da kafet da za a sake yankawa. Sai a sake lissafin nauyi da daidaiton jirgin, domin cire layuka a gaba yana mayar da tsakiyar nauyi baya, takardar lodi ta canza. Zanen tsarin kujerun kansa takarda ce da aka amince da ita. Sabon zane sai ya fito daga wanda ya ƙera jirgin ko wani kamfanin zane mai lasisi, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta karɓa, kafin a taɓa noti ɗaya.

Lissafin tazara kuma ga shi a sauƙaƙe. Layuka 31 ne da ɗoriya a tsarin 189. Ka ƙara wa kowane layi inci ɗaya, ka cinye inci 31, wato layi guda, kujeru shida sun tafi.

Kyaftin mai ritaya: Injiniya ya faɗi daidai, sai dai ina da ja a kan yadda ake ɗaukar tazara kamar ita ce komai. Tazara daga wani wuri a kujera ne zuwa irin wurin a kujerar gaba, kaurin majingina na ciki. Tsohuwar kujera mai kaurin soso a inci 31 tana iya ba gwiwa wuri ƙasa da siririya ta zamani a inci 29, musamman in an ɗauke aljihun mujallu daga saitin gwiwa an mayar da shi sama da tebur. Abin da za a auna shi ne daga inda ƙugu ya jingina zuwa inda gwiwa ta taɓa. A samo dogon mutum mai babbar riga a zaunar da shi, a ga gaskiya.

Hajiya mai horar da ma'aikata: Yallabai, siririyar kujera ta yi a tafiyar awa ɗaya. A awa biyar zuwa Jidda, da tsofaffi, wani zance ne. Soson ƙasa in ya yi siriri, bayan awa biyu mutum a kan ƙarfe yake zaune. Daga nan sai tashi da zirga-zirga, hanya ta cushe, amalanken abinci ya rasa wurin wucewa.

Kyaftin mai ritaya: Na yarda da na soson ƙasa. A rage kaurin baya, a bar na zama da kaurinsa. Kwantar da majingina kuma a taƙaita shi zuwa inci biyu, ko a sayi wadda aka kafe a ɗan kishingiɗe. Rabin rigimar fasinjoji daga nan take tasowa, mai shan shayi a baya da mai neman barci a gaba. Kuma maɓallin kwantarwar da wayarsa da silindarsa su ne suka fi lalacewa a kujera. Kujerar da ta ƙi tsayawa a miƙe ba a zaunar da kowa a kanta lokacin tashi da sauka, an yi asarar tikitinta har a gyara.

Alhaji na Wuse: Wannan magana ta shige ni. Nauyi fa?

Injiniya na Lugbe: Sirara na zamani suna kai kilo 8 zuwa 10 a kowane mazauni, tsofaffin kuwa sun haura haka da kilo da dama. Ko kilo 4 ka rage a kowace, sau 189 ya ba ka kilo 756. A ma'aunin Turai ana lissafa babban fasinja da jakar hannunsa kilo 84, ka ga nauyin mutum tara ke nan da kake yawo da shi kowace tafiya ba tare da ya biya ko kwabo ba. A nan ne nake cewa a manta da talabijin a bayan kujera. Allon da akwatinsa na ƙarƙashin kujera da wayoyinsa nauyi ne, akwatin kuma yana cin wurin ƙafa. Kowa na riƙe da waya. A sa ramin caji na USB da ɗan maƙalin ajiye waya, an gama.

Faɗi kuwa ba abin da za a iya yi masa. Cikin 737 mita 3.54 ne, na A320 mita 3.70, shi ya sa kujerar 737 ke tsayawa wajen inci 17, ta A320 ta kai 18. Hanyar tsakiya ba a matse ta ƙasa da inci 15 daga daɓe zuwa tsawon inci 25, daga nan zuwa sama inci 20. Wanda ya hau E195-E2 na Air Peace mai biyu-biyu ko A220 na Ibom Air mai biyu da uku zai ji bambanci a kafaɗa, amma wannan tun wajen sayen jirgi ake yanke shi.

Malam mai ɗinkin kujeru, Mararaba: Ranku ya daɗe, ni tambayata ta sana'a ce. Muna ɗinka rigunan kujerun mota da na ofis, leda da yadi, aiki mai kyau. Me ya sa sai an yo odar rigar kujerar jirgi daga waje da dala? Ɗinki ai ɗinki ne.

Injiniya na Lugbe: Malam, hannunku ba shi da laifi, ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar wuta ce da takarda. Yadin da za a sa wa kujerar jirgi ana rataye guntunsa a tsaye, a kunna masa harshen wuta daƙiƙa 12. In an janye, dole ya mutu da kansa cikin daƙiƙa 15, ƙunar kuma kada ta wuce inci 8. Allunan bango da na rufi daƙiƙa 60 ake ba su, ƙuna inci 6. Soson da rigarsa a haɗe kuma ana hura musu wutar mai na minti biyu, kada su rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu. Akwai wani yadi mai tare wuta da ake naɗe soson da shi kafin a sa riga. Gwajin na haɗin ne baki ɗaya: soso kaza, mai tare wuta kaza, riga kaza. Ka canza ɗaya, ko da mafi tsada ka sa, takardar ta daina aiki. Hatta wanki yana da ƙa'ida, domin sabulun da bai dace ba yana wanke maganin hana kamawa daga yadi.

Ana iya yin ɗinkin a gida. Abin da ake buƙata shi ne shagon ya sami amincewar NCAA, yadin ya zo da shaidar gwajinsa ta kowane bandir, zaren da maƙalan su zama waɗanda zane ya ambata, kowace riga ta fita da lambarta. Jarin yana wajen tsarin takardu, ba wajen keken ɗinki ba.

Kyaftin mai ritaya: Kuma waɗannan dokoki da rayuka aka saye su. A 1980 jirgin Saudia ƙirar TriStar ya koma Riyadh da wuta a ciki, ya sauka lafiya a kan tayoyinsa, amma mutum 301 duk suka rasu ba a buɗe ƙofa da wuri ba. A 1983 wutar da ta tashi ta wajen ban ɗakin jirgin Air Canada ta kashe 23, daga nan aka tsananta batun na'urar jin hayaƙi a ban ɗaki da fitilun daɓe. A 1985 a Manchester, 737 ne ma, ko tashi bai yi ba, mutum 55 suka rasu, yawancinsu hayaƙi ne. Murfin ƙofar kan fiffike mai nauyin fiye da kilo 20 ya faɗo ciki a kan wadda ke zaune kusa, hanyar zuwa ƙofar kuma ta yi ƙunci. A 737-800 wannan ƙofa tana da hinji a sama, tana buɗewa waje da kanta, babu murfin da za a ɗauka. Layin da ke gabanta ba ya kwantawa, ba a ajiye jaka a ƙasa a wurin. Sakamakon gyare-gyaren an gan shi a Janairun 2024 a Tokyo, A350 ya kama da wuta, mutum 379 duk suka fita. Allah ya jiƙan musulmin da suka rasu.

Malam mai ɗinkin kujeru, Mararaba: Amin. Na gane, Allah ya ƙara sani.

Ɗalibi daga Zariya: Kujerun hannu fa? Na ga ana tallan na jiragen da aka farke da araha.

Injiniya na Lugbe: Ana saye, amma a duba abu uku. Lambar kujerar ta dace da wannan ƙirar jirgi, ta zo da takardar sakinta daga shago mai lasisi, sannan a san wane gwaji ta ci. Tsofaffi an gwada su da nauyi a tsaye, ninki 9 na nauyin jiki. Na yanzu ana ɗora su a kan dogo da mutum-mutumi a buga, ninki 16, a auna bugun da kai ya sha. A wannan gwaji bayan kujerar gaba yana cikin lissafi, shi ne kai zai doka. Don haka ba a gauraya iri biyu a jere yadda aka ga dama, kuma layin da ke fuskantar bango sai a ba shi nisa ko bel mai jakar iska.

Hajiya mai horar da ma'aikata: Ku maza kun tare a kujera, alhali abin da ke jinkirta tashi a Abuja yana sama da kai. Jakunkuna. Tsohuwar ma'ajiyar sama ba ta ɗaukar jaka ɗaya ta kowane mutum in jirgi ya cika. Na ƙarshen shiga sai su rasa wuri, su juyo suna saɓa wa masu shigowa, a ƙarshe a karɓi jakar a bakin ƙofa a rubuta mata lamba a kai ƙasa. Minti goma sun tafi, kuma jirgin da ke tafiya shida a yini ya tara awa guda. Manyan ma'ajiyoyin Boeing na yanzu suna cin jaka shida a inda na da ke cin huɗu, don ana jera su a kan gefensu. Sai dai fasinja bai san haka ba, zai kwantar da ita, sai an manna hoto a ciki kuma ma'aikaciya ta nuna. Kuma suna da nauyin rufewa in sun cika, kafaɗun yaranmu ne ke biya.

Sai babbar magana, ban ɗaki a tafiyar Umara. Uku ne a yawancin 737-800, ɗaya gaba biyu baya. Mutum 189 a kan uku, 63 ke nan kowanne. In an killace na gaba don mutum 12, sauran 150 sun koma kan biyu, 75 kowanne. Tankin ruwan jirgin kuma bai wuce lita 230 ba, shi ne na shayi, shi ne na wanke hannu. Kowa ya yi alwala da lita ɗaya, an kusa ƙarar da shi.

Injiniya na Lugbe: Hajiya ta taɓo inda kuɗin gyara ke zurarewa. Ruwan da ya shiga kwatamin wanke hannu yana fita waje ta wani bututu mai hita a ƙarƙashin jirgi. Wanda ya zuba a daɓe wajen wanke ƙafa ba shi da mafita. Yana bin bakin tiren daɓen, ya sami inda gam ya tsage, ya gangara kan dogon kujeru da ƙarafan da ke ɗauke da daɓe. Alminiyon ne, ruwa da gishirin fitsari suna cin sa a ɓoye. Ba a gani sai babban duba, an ɗaga ban ɗakin a tarar da farin gari a inda ƙarfe yake. Maganin tun wajen tsari ne: tiren daɓe mai ɗagaggen baki, shimfiɗar roba maimakon kafet daga ƙofar ban ɗaki har kicin, a sake gam a kan lokaci, a fesa maganin hana tsatsa a ƙarƙashi, a rage tsawon lokacin da famfo ke zuba a kowane dannawa. Kuma a sa kwandon shara mai murfin da ke rufe kansa yana aiki, domin tsumma ko ƙyallen jariri guda a masai yana toshe bututun, shi masan jirgi da iska yake zuƙa, ba da ruwa ba.

Kyaftin mai ritaya: Sauran kuma aikin malamai ne a wajen bita, su yi bayanin alwala kafin shiga jirgi da hukuncin taimama. Saudia a manyan jiragenta ta cire wasu kujerun tsakiya a baya ta yi wurin salla. A jirgi mai hanya ɗaya babu wannan fili, kuma gaban ƙofa da kicin ba wurin shimfiɗa darduma ba ne.

Baba na Heipang: Ni daga Jos nake bibiya. Ba wanda ya ambaci zafi. A filinmu na Yakubu Gowon muna sama da mita 1,200, sanyi na taimakonmu, amma jirgin da ya yi awa guda a rana a Abuja cikin Maris, mutane na shiga suna jiƙewa.

Injiniya na Lugbe: Gaskiya ne Baba. A sama iska ba matsala ba ce, tana sabuntuwa duk minti biyu zuwa uku, kusan rabi daga waje, rabi a sake tacewa ta matatar HEPA mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙasa ne wahalar take. Sanyin ya dogara ga ƙaramin injin wutsiya, APU, ko motar sanyi ta filin jirgi. In APU ya lalace an yarda jirgi ya yi aiki na ɗan lokaci ba shi, amma mutum 189 a rufe a rana, kowane jiki na fitar da zafi, minti goma sun isa a fara salati. Ta fuskar tsari: kada a cire bututun iska na saman kowace kujera don rage kuɗi, a guji baƙar leda mai riƙe zafi da gumi, a sauke labulen tagogi in jirgi na jira. Lokacin hunturu kuma ƙurar harmatan tana toshe na'urar musayar zafi ta sanyin, sai a matso da lokacin wanke ta kusa fiye da yadda masu jirgin na Turai suka saba. A kuma duba ramukan da iska ke fita ta gindin bango, jaka ko kafet da aka yanka ba daidai ba yana rufe su.

Alhaji na Wuse: To ku yanke mini. Na ji na kowa, amma har yanzu Umara na son kujeru, safiyar Legas na son manya.

Hajiya mai horar da ma'aikata: Akwai tsakiya, Alhaji. Turawa suna barin uku-uku har gaba, su toshe kujerar tsakiya da ɗan tebur, su sa labule mai matsawa. Yau layi biyu na manya, gobe biyar, ranar Jidda a cire labulen.

Kyaftin mai ritaya: A Turai ya karɓu. Mutumin da ya biya kuɗin manya a Abuja ya tarar da kujera irin ta kowa, ba zai sake saye ba, zai koma inda ake ba shi mai faɗi. Ni layi biyu zan sa na gaske, kujeru takwas, tazara inci 36 zuwa 38. Za su ci wurin kusan layi uku na baya, a tashi da wajen 179 ko ƙasa kaɗan, ya danganta da bangon raba aji da girman kicin na gaba.

Injiniya na Lugbe: In haka za a yi, Alhaji, a nemi amincewar zane biyu lokaci guda, na aji biyu da na 189, kowanne da lissafin nauyinsa. Sai a ajiye layukan da aka cire da akwatunan oksijin ɗinsu da allunan cike giɓi a sito mara laima, a rufe, da takardunsu. Kafin Umara a shigar da jirgin rumfar gyara a musanya, a gwada faɗowar takunkumai a layukan da aka taɓa, a duba kwanan ƙarewar tukwanen oksijin ɗin da suka zauna a sito, a ƙirga rigunan ceto na ƙarƙashin kujeru tunda za a ƙetare Bahar Maliya, a canza takardar lodi a ofishin tsara tafiya a ranar. In zanen na biyu bai shiga tun farko ba, jiran takardarsa zai fi aikin daɗewa.

Alhaji na Wuse: Madalla. Ku turo mini jerin abin da za a tambayi mai sayarwa kafin a biya, musamman takardun gwajin wuta na kujerun da ranar da aka yi wa ƙarƙashin ban ɗakunan duba na ƙarshe.